Makarantar musamman ko ta kowa da kowa? Abin dubawa kafin ka kai yaro mai naƙasa sakandare

Da yaro mai buƙata ta musamman ya gama aji shida na firamare, tambayar da iyaye suka fi yi ita ce, wace makaranta ce ta fi? Ni kuwa nakan ce, ta fi wa wane yaro? Abin da ke tare wa gurgu hanyar karatu daban, na makaho daban, na kurma daban. Sunan da muka yi musu guda ɗaya ne, amma makarantar da za ta yi wa wannan rana tana iya ɓata wa wancan shekara shida.

Zaɓin da ke gaban mafi yawan iyaye a Arewa bai wuce uku ba. Akwai makarantun musamman na gwamnati, yawancinsu na kwana, irin su ta Tudun Maliki a Kano, da ta Abdulrashid Adisa Raji a Sakkwato, da ta kurame a Malumfashi, da ta kurame a Kuje kusa da Abuja. Akwai sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo da ke unguwa. Sai makarantun kuɗi. A wasu wurare akan samu makaranta ta kowa da kowa da ta ware ɗaki da malami domin irin waɗannan yara. Idan ka dace da ita, kada ka yi mata kallon banza.

Kafin ka taka ko'ina, ka san cewa ba roƙo ka je yi ba. Dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su karɓe su, kuma a samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin su. Ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara 5 su gyara mashigarsu, wa'adin kuwa ya cika tun Janairun 2024. Sanin wannan yana sauya yadda firinsifal zai saurare ka. Sai dai doka ba ta koyar da lissafi, don haka idonka ne alƙali.

Mu fara da mai sauƙin. Yaron da shan inna ko haɗari ya taɓa wa ƙafa, yana gani yana ji, ba shi da abin yi a makarantar musamman. Gini ne kawai matsalarsa. Ka kai shi ta kusa da gida, amma ka zagaya ta da ƙafarka tukuna. Na taɓa raka wani ɗan'uwa wata makarantar kuɗi, aka nuna mana gangaren siminti mai kyau a bakin ƙofa, har da fenti. Da muka tambayi ɗakin gwaje-gwajen kimiyya sai ga shi a saman bene. Gangaren da keken guragu zai hau ba tare da an tura shi ba, a ƙa'ida duk tudun taku 1 yana son tsawon taku 12. Wanda bai kai haka ba ado ne. Ka duba ko tsakar makarantar rairayi ce, don taya na nutsewa, ka kuma tuna da damina. Sannan ka leƙa banɗaki. Masai ce ta tsuguno? Yaron da ke jan jiki da hannuwansa a nan zai shiga, da hannun nan kuma zai ci abincin tara. Yara da yawa kan ƙi shan ruwa yini guda don gudun wurin, 'yan mata kuwa da sun fara al'ada sai zuwan ya fara tsinkewa. Idan firinsifal ya yarda a sauko da ajin ƙasa, aka gyara banɗaki ɗaya, magana ta ƙare.

Kurma ne lissafinsa ya juya. A nan ina goyon bayan makarantar musamman, kuma ba na ɓoyewa. Ka ajiye kurma a aji mai ɗalibai tamanin, malami ya juya baya yana rubutu a allo yana bayani. Yaron zai kwafe komai da rubutu mai kyau, littafinsa ya cika, a ce yana ƙoƙari, alhali bai fahimci komai ba. Karanta leɓe ba ya cike wannan giɓin, balle da Turancin da bai taɓa jin sautinsa ba. Abin da yake buƙata harshe ne, da mutanen da zai yi hira da su da shi safe da yamma.

Akwai kuma abin da iyaye ba su cika sani ba. Maganar hannu da kurame ke yi a kasuwa da majalisa a ƙasar Hausa harshe ne mai zaman kansa, tsoho. Wadda ake koyarwa da ita a makarantu kuwa ta samo asali daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke, ya shigo da ita ta Ibadan wajen 1960. Yaron da bai yi firamaren kurame ba zai isa sakandare da ta gida, ya tarar da wata. Ka tambaya ko suna da ajin share fage. Kada ka tsaya a ofis, ka nemi a bar ka ka zauna bayan aji. Ko ba ka iya maganar hannu ba za ka gane malamin da hannunsa ya faɗa da wanda ke ta nuna allo da yatsa. Ka tambaya malamai nawa ne su kansu kurame, nawa ne kuma suka fito daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, ko sashen ilimin musamman na Jami'ar Bayero ko ta Jos. Makarantar kowa da kowa za ta yi wa kurma ne kawai idan akwai tafinta a kowane darasi. Tafintan da ke zuwa ranar taron iyaye kaɗai ba ya cikin lissafi. Wanda ke da sauran ji, yana sa na'urar kunne, shi yana iya zama da kowa a layin gaba, amma ka sa kuɗin batir cikin kasafin kowane wata.

Makaho yana tsakiya. Yana jin malami sarai, saboda haka zama da masu gani ba ya cutar da shi, yakan ma buɗe masa kai. Makarantar makafi ta Gindiri a Filato, wadda 'yan mishan suka kafa a 1953, ta daɗe tana koya wa yara Birel, wato rubutun makafi da ake karantawa da yatsa, a firamare sannan su wuce sakandare tare da masu gani. Sharaɗin shi ne yaron ya iya Birel da kyau tun kafin ya shiga. Idan bai iya ba, ko kuwa makantar ta same shi da girma, gara ya fara da ta musamman. Idan ya iya, tambayarka ta koma kan kaya da malami: wa zai mayar masa da littattafai da takardun gwaji zuwa Birel, wa zai karanta amsarsa ya ba shi maki? Allon Birel da tsinkensa ba su da tsada. Keken rubutun Birel na Perkins daga waje ake kawo shi, ɗaruruwan daloli ne, kuma gyaransa sai wanda ya sani. Idan makaranta ta ce tana da shi, a kawo ka danna ka gani ko yana aiki. Manhajojin da ke karanta wa makaho rubutu da murya, TalkBack a waya da NVDA a kwamfuta, wadda kyauta ce, sun rage wahala ƙwarai, sai dai makarantun kwana da yawa sun hana waya, sai ka nemi izini a rubuce. Ka matsa a kan lissafi. Wurare da dama sukan ce makaho ya huta lokacin darasin, ana ganin tausayi ne, sai ya zo neman jami'a a ce babu kiredit.

Zabiya ba ya buƙatar makaranta daban: kujerar gaba, rubutu manya-manya, hula mai malafa da riga mai dogon hannu, a kuma ɗauke masa tsayuwar rana. Yaro mai jinkirin fahimta kuwa, ƙaramin aji da koyon sana'a sun fi masa babban suna a allon ƙofa.

Kada tsadar makaranta ta ruɗe ka. Ta kuɗi tana da ƙarancin ɗalibai, amma sau da yawa babu ko malami ɗaya da ya san Birel ko maganar hannu, wata ma ta ce ka ɗauko mai taimakon yaron ka biya shi daga aljihunka. Ta kwana kuma, musamman ga 'ya mace, ka ga ɗakin kwanan da idonka, ka san matar da ke kwana da su, ka tambaya yarinyar da ba ta iya magana wa za ta kai wa ƙara, da wane harshe. Ka lissafa kuɗin motar ziyara ma, don yaron da aka kai garin nesa aka manta da shi yana sane.

Sai jarrabawa. WAEC da NECO suna tanadar takardun Birel da masu manyan haruffa da ƙarin lokaci, amma sai makaranta ta bayyana buƙatar yaron tun wajen rajista. JAMB ma tun 2017 tana da tsari na musamman na makafi, da cibiyoyi har da Kano. Ka tambayi firinsifal ɗalibai nawa irin ɗanka suka zauna bara, ka ce a nuna maka sakamakonsu.

Ranar da za ka je, ka zaɓi ranar karatu, kada ka yi waya ka sanar, kuma ka tafi da yaron. Ka bari a tashi tara, ka tsaya gefe ka ga ko wani zai zo ya ja shi wasa. A hanyar komawa gida ka tambaye shi wacce yake so.