Ƙwayar gyaran gashi ta kemis da mai raunin tayirod

A kemis-kemis na unguwannin Nima da Mamobi a Accra, kwalbar nan mai alƙawarin gyara gashi da fata da farce tana tafiya sosai. Cikin masu saye akwai mata masu raunin tayirod (ƙullin da ke gaban wuya mai daidaita aikin jiki), tunda zubewar gashi da kasala suna cikin alamomin ciwon. Ga mai shan levothyroxine, maganin raunin tayirod, wannan kwalba ba abin saye da ka ba ce.

Hajiya, juya kwalbar ki duba bayanta. Sau da yawa za ki ga biotin (wani nau'in bitamin B) mikrogiram 5,000, wata ma 10,000, alhali abin da babba ke buƙata a rana bai wuce 30 ba. Biotin ba ya taɓa tayirod ɗin kanta, na'urar gwaji yake ruɗawa a ɗakunan gwaji da yawa: a gwajin tayirod, TSH (sinadarin da ke zuga tayirod) ta fito ƙasa, T4 (sinadarin da tayirod ke samarwa) ta fito sama, kamar magani ya yi yawa. Likita ya ga takarda ya rage miki magani, ke kuwa jiki na ƙara mutuwa. A daina shan biotin ɗin aƙalla kwana 2 kafin a ɗebi jini, a kuma faɗa wa mai ɗiba.

Wasu kwalaben har da sinadarin ƙarfe da kalsiyam, waɗanda ke riƙe levothyroxine a hanji su hana shi shiga jini. Sai a raba su da awa 4. Levothyroxine bayan sallar asuba da ruwa zalla, koko da ƙosai su jira minti 30 zuwa 60, ƙarfen kuma sai azahar.

Da za a kai kuɗin kwalbar ɗakin gwaji, ya fi amfani. A nemi gwajin ferritin, bitamin B12 da bitamin D tare da TSH. Ferritin ke nuna ajiyar ƙarfe, kuma tana iya yin ƙasa ko da gwajin jini na yau da kullum ya fito lafiya. Amma zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga ta, don haka a bari sai an warke. Masu sikila kada su sha ƙarfe sai likita ya ce. Idan B12 ce ta yi ƙasa ga mai ciwon Hashimoto (inda garkuwar jiki ke raunana tayirod), wani lokaci ciki ne ba ya tsotsa, sai an koma allura.

Duk ƙwayar da aka fara sha mai ƙarfe ko kalsiyam, a sake auna TSH bayan mako 6 zuwa 8.