Sharhi kan jita mai sauti biyu da batirinta da ba a cirewa

Na sayi wannan jita ne domin na gaji da jigilar jita biyu zuwa wuraren biki a Kaduna, ɗaya ta katako mai ƙoƙo saboda waƙoƙi masu sanyi, ɗaya kuma ta lantarki saboda lokacin da fili ya yi zafi. Ba ta manyan kamfanoni ba ce. Ƙirar wani ƙaramin kamfani ce da ya bi tsarin jitar Acoustasonic Telecaster wadda kamfanin Fender na Amurka ya fitar a 2019 a kan kusan dala 2,000, kuma duk mai sayen kayan kiɗa ya san abin da wannan kuɗi ya koma a naira. Dabarar haɗa sautin biyu a jiki ɗaya ta girmi wannan shekara, tunda kamfanin Taylor ya fito da jitarsa T5 tun 2005, sai dai a 'yan shekarun nan ne masu araha suka fara isowa hannun irinmu.

Gaskiya a farko ta burge ni ƙwarai. Ba ta da nauyi, wuyanta siriri ne irin na jitar lantarki, kuma da maɓalli ɗaya nake komawa daga sautin katako zuwa na lantarki a tsakiyar waƙa ba tare da na sauke igiya daga kafaɗa ba. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne rabuwa da kukan lasifika. Duk wanda ya taɓa tsayawa da jita mai babban ƙoƙo kusa da lasifikar biki ya san yadda ƙoƙon ke kama ƙarar ya mayar da ita har ta zama ihu, amma ƙoƙon wannan jita ƙarami ne, don haka ko an ƙure sauti ba ta yin wannan rashin kunya. Na yi ta yabonta a gaban abokan aiki, har mai ganga ya fara yi mini ba'a cewa na yi amarya.

Abin da ya sauya ra'ayina ya faru ne a wata liyafar dare ta biki. Na yi mata caji da rana har fitilarta ta nuna kore, muka gwada kaya da yamma komai lafiya. Ango da amarya sun shigo, an kira dangin amarya su fito fili, ana liƙi, ni kuma ina kan waƙar da aka roƙe mu musamman, sai kawai sautin ya fara dusashewa yana tsartsatsi, cikin ɗan lokaci kaɗan ya ɗauke gaba ɗaya. Yaron da ke kan miksa, wato na'urar haɗa sauti, ya rugo yana cewa, “Maigida, waya ce, bari in sauya.” Ya sauya waya, ya sauya layi, shiru. Na juya maɓallin zuwa ɓangaren lantarki, domin a jitar lantarki ta gargajiya maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ba ya buƙatar batir ko kaɗan, amma nan ma shiru, saboda a wannan ƙira duk sautin biyu suna bi ta allon lantarki guda ne, kuma allon ba ya aiki sai da batir. Fitilar da ya kamata ta yi ja ta gargaɗe ni ba ta taɓa yin ja ba. Na kaɗa ta haka nan ba lasifika, amma muryarta ta asali ba ta wuce a ji ta a cikin ɗaki ba, balle a zauren da ke cike da mutane ga janareta na ruri a waje. Gwaggon amarya ta matso ta ce, “Malam, lafiya dai? Ko an ɗauke wuta ne?” Mai fiyano ne ya rufa mana asiri ya ƙarasa waƙar, ni kuwa ina tsaye riƙe da jita ina zufa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne batirin a rufe yake cikin jikin jitar, ba a cire shi sai an kwance sukurori. Da irin batirin nan ne mai bolt 9 da ake samu a shagunan kayan lantarki, da minti ɗaya ya isa in sa sabo. Fender ma, wanda ya sa batir mai caji a Acoustasonic ɗinsa ƙirar Amurka, ya koma ga mai bolt 9 a ƙirar Player da ya fara yi a Mekziko a 2021. A ƙasar da mutum ba ya da tabbacin samun wuta da rana, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Na gwada jona ta da batirin cajin waya yayin kiɗa, sai ta riƙa fitar da wani zuuu a lasifika wanda ba za a iya aiki da shi ba. Da na kira wanda ya sayar mini, amsarsa ita ce, “Yallaɓai, haka suke zuwa,” ya kuma ƙara da cewa ba ya karɓar kayan da aka riga aka yi amfani da su.

Tun daga ranar sai sauran aibobin da na riƙa kawar wa kai suka dawo mini. Tsirkiyoyin da ta zo da su na jitar katako ne, masu naɗin tagulla, ita kuwa tagulla maganaɗisu ba ya jan ta, saboda haka a ɓangaren lantarki siraran tsirkiyoyi biyu na ƙasa suna fita da ƙarfi, masu kaurin kuma suna biyo baya a raunane. Tsirkiya ta uku ma naɗaɗɗiya ce, tana da tauri, mai son lanƙwasa tsirkiya zai ji a yatsunsa. Da na sa na jitar lantarki, wannan ɓangare ya gyaru, sai sautin katakon ya zama siriri ba daɗi. Sannan mafitar waya ɗaya ce tak: idan na shiga amfilifayar lantarki sautin katakon ya toshe, idan na shiga miksa kai tsaye na lantarkin ya bushe. Kamfanin Godin na Kanada ya magance wannan a jitarsa A6 Ultra da mafita biyu, kowane sauti da hanyarsa. Hunturu ma bai bar ta ba, domin katakon wuyan ya tsuke har bakunan ƙarafan da ke jere a kansa suka fito suna kartar hannu, sai da mai gyara ya goge su.

Duk da haka ban sayar da ita ba, kuma ba zan ce sautinta ba shi da kyau ba. A situdiyo, inda akwai soket kusa kuma ana iya tsayawa a sake ɗauka, tana yi mini aikin jita biyu, sautin katakonta ma ya fi na tsohuwar jitata tsabta idan an jona ta. Wurin biki ne dai ban ƙara yarda da ita ita kaɗai ba, don haka tsohuwar jitata ta lantarki tana jingine a bayana da wayarta a jone. Mai niyyar saye ya juya bayan jitar tun a shago ya duba ko batirin na fita da hannu, sannan ya sa a cire batirin ko a bar shi ya mutu a gabansa, ya ji ko ɓangaren lantarkin zai ci gaba da magana.