Amincewar Alhaji a manhaja: Django ko Flowable?

Ɗan'uwa, ka ce kawunka yana sarin shinkafa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, sitonsa kuma yana Aboabo, kana so ka gina masa manhajar intanet yadda buhu ba zai fita bashi ba sai manaja ya duba, Alhaji, wato kawun naka, ya amince. Ka tambaya ko ka rubuta komai da Django, tsarin gina manhajar intanet da Python, ko ka ɗora aikin a kan Flowable, injin da ke tafiyar da aiki mataki-mataki.

Abin da zai ba ka wuya shi ne jira. Kwamfuta takan gama nata nan take, amma Alhaji yana iya tafiya ta'aziyya Tamale, waya a kashe, ga direba ya tsayar da mota a bakin sito, 'yan dako sun zauna a inuwa suna jiran a ce su ɗauka.

Don irin wannan aka yi Flowable. Ya ɓalle daga wani inji irinsa mai suna Activiti a 2016, kyauta ne, da Java aka rubuta shi. Za ka zana matakan aikin da tsarin BPMN 2.0, in buƙata ta iso gaban mutum sai ya ajiye ta a rumbun bayanai, ko wuta ta ɗauke tana nan inda ta tsaya. Yana da agogo: ka ce in an yi awa 24 ba amsa, a miƙa wa wakili. Abin da ya fi burge ni, in ka sauya zanen gobe, buƙatun jiya za su ƙarasa a kan tsohon tsari ba tare da sun rikice ba. Sai dai nauyi gare shi. Sai ka koyi BPMN, ka riƙe Java, wanda zai gaje ka ma sai ya koya.

Da Django kuwa tebur biyu sun isa. Na farko buƙatu da matsayinsu: tana jiran manaja, tana jiran Alhaji, an amince, an ƙi. Na biyu tarihi, wanda ba a gogewa: wa ya amince, yaushe, a kan sidi nawa. Tunatarwa ka ba Celery, manhajar da ke gudanar da ayyuka a bayan fage a lokacin da ka tsara. Ka kuma kulle layin buƙata lokacin amincewa, don kada mutum biyu su danna tare a fitar da kaya sau biyu.

Matakanka uku ne: shigar da buƙata, dubawar manaja da amincewar Alhaji, kuma ba sa sauyawa, don haka ni dai Django zan ɗauka. Ranar da aka ƙara sashen saye da na albashi, kowanne da nasa masu sa hannu, a lokacin Flowable ya cancanci wahalarsa.

Na taɓa yi wa wani shago irin wannan, na manta da wakili. Mai shagon ya tafi aikin Hajji, ya bar wa yaronsa lambar sirrinsa, tarihi ya yi ta nuna shi ne ya amince da bashin da bai san da shi ba. Har yau abin yana damuna. Kafin ka rubuta layi ɗaya, ka je ka gaishe da kawu bayan La'asar, ka tambaye shi wa ke sa hannu in ba ya gari, kuma iyakarsa sidi nawa.