Shagon wifi mai farashi biyu a Bukoki

A unguwar Bukoki ta birnin Yamai akwai wani ƙaramin shagon sayar da tikitin wifi wanda mai shi ya raba intanet ɗinsa gida biyu daidai wa daida: layi ɗaya sefa 100 awa guda, ɗayan sefa 200, alhali na'ura guda ce ke ciyar da su duka.

Mutum zai iya ɗauka wayon ɗan kasuwa ne, amma duk wanda ya zauna a wurin bayan sallar isha'i, lokacin da samari ke cika benci, zai ga dalilin. Tikitin awa ba ya ƙidayar abin da aka sha, saboda haka kowa na sauke bidiyo iya ƙarfinsa, kuma wanda ya yi kawaici shi kaɗai ke asara, domin gurbin da ya bari wani zai cinye shi nan take. Masana lissafin dabarun gasa na kiran wannan daidaiton Nash, da sunan John Nash wanda ya bayyana shi a 1950: yanayin da babu mai cin riba idan shi kaɗai ya sauya hali, ko da kowa na shan wuya.

Layi mai tsadar ba wani ƙarin ƙarfi gare shi ba. Tsadar ce ke rage masa jama'a, in kuma ya fara cika, wasu su koma mai arahar da kansu. Masanin lissafi Andrew Odlyzko ya kawo wannan shawara ga intanet a shekarun 1990, yana koyi da jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, wanda ke da taragu masu daraja biyu har zuwa 1991. Da dare kiran bidiyo na WhatsApp ba ya tsinkewa a layin 200, a na 100 kuwa hoto ma sai an jira. Da hantsi babu bambanci ko kaɗan, kuma mai shagon ba ya gaya wa kowa hakan, abin da ban ji daɗinsa ba.

Akwai matsalar da farashi ba zai warware ba. Duka layukan suna kan zangon 2.4 GHz, ɗaya daga hanyoyin iska da wifi ke bi, inda tashoshi uku ne kawai, 1 da 6 da 11, ba sa shiga juna, ga kuma na'urorin maƙwabta na gogayya a kansu. Ya kamata a mayar da layi mai tsadar kan zangon 5 GHz, don kauce wa wannan gogayya, a kuma sayi batir, domin idan wuta ta ɗauke, awar da aka biya tana ci gaba da ƙirguwa.