Hattara da masu tallar rimot "mai shiga kowace mota" a Maradi

Jama'a, assalamu alaikum. Masu tsofaffin motoci a Maradi da kewaye, musamman masu Corolla, Camry da Avensis ƴan Kwatano, wannan saƙon naku ne. Wasu sun fito da sabuwar hanyar cin kuɗin mutane a WhatsApp da shafukan saye da sayarwa na Facebook. Suna tallar rimot na buɗe ƙofa, wai babu motar da ba ya shiga, kuma kai da kanka za ka haɗa shi a ƙofar gidanka ba sai ka je garaji ba. Ni gyaran wutar mota ne aikina, kuma waɗanda abin ya ci suna ta zuwa mini da rimot ɗin a hannu, wasu har daga Tibiri da Madarumfa.

Salonsu ɗaya ne. Za a nuna maka bidiyon wani yana danna rimot, fitilun mota suna ƙiftawa. Kuɗinsa jika 15, wato sefa dubu 15, a ba da rabi kafin alƙalami, kayan yana Katsina, direba zai kawo tasha. Kuma yana isowa, don ba a nan suke yankan ba. Ka cika kuɗi, ka bi duk abin da bidiyon ya ce, mota ko gezau. Kana kira sai ka ji murya mai sanyi: "Ranka ya daɗe Alhaji, ai taka mai tsaro ce, sai an sayo mata lambar sirri daga kamfani. Ƙaro jika 10, ka turo hoton makulli gaba da baya, da takardar mota mu ga lambar shasi." Daga ka tura, waya a kashe.

Abin da ya sa mutane masu wayo ma suke faɗawa shi ne akwai gaskiya a cikin maganar. Yawancin Toyota na wajen shekarun 2000 ana iya yi musu rajistar rimot ba tare da wata na'ura ba. A Corolla ta 2003 zuwa 2008 ƙirar Amurka, misali, za ka buɗe ƙofar direba, ka sa makulli a kontak ka zare sau biyu, ka rufe ƙofa ka buɗe sau biyu, ka sake sa makulli ka zare sau ɗaya, ƙofa kuma sau biyu, sannan ka sa makulli, ka rufe ƙofa, ka murɗa kontak ka mayar, ka zare. Idan hannunka ya yi sauri, makullan ƙofofi za su sauka su tashi da kansu, alamar mota tana saurare. Sai ka danne maɓallin kullewa da na buɗewa tare kamar daƙiƙa ɗaya da rabi, ka saki, ka danna na kullewa shi kaɗai. Tsarin yana ɗan sauyawa daga wata ƙira zuwa wata, amma duba da kyau: a ina aka ce ka shigar da lamba? Babu. Wurin da za a rubuta ta ma babu a motar. Duk wanda ya ce zai sayar maka da lambar sirri don wannan aikin, iska yake sayar maka.

Sharaɗin kawai shi ne rimot ɗin ya zama irin na motar. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka galibi a kan megahaz 315 suke, na Turai kuma a kan 433. Kamar rediyo ne, wanda aka kamo wata tasha ba zai ji abin da ake faɗa a wata ba, komai kusancinsu. A garin nan kuwa duka biyun muna da su, don tashar jirgin ruwa ɗaya ce take sauke ƴar Beljiyam da ƴar Amurka. Ko an dace da megahaz ɗin ma, sai lambar da ke bayan rimot ta yi daidai da ta asali. A na Amurka za ka ga an rubuta FCC ID a jikin murfin baya, ita ake bi.

Na ɓare ɗaya daga cikin nasu a gaban mai shi. Daga waje tambarin Toyota ne, yana ƙyalli. A ciki ɗan allo ne irin na rimot ɗin get na gida, wanda yake kwafar saƙo ɗaya tak ya riƙa maimaitawa. Motocin nan kuwa kowace dannawa saƙon sauyawa yake yi, don haka kwafin jiya ba ya aiki yau. Ko dalmar da ke jikin mazaunin batir ba ta kama da kyau ba, da farce na ɗaga ta. Dattijon ya daɗe yana juya abin a tafin hannu, sannan ya ce, "To ɗana, hoton makullin da na tura fa?"

Nan ne matsalar take, ba jika 25 ɗin ba. Makullin tsohuwar mota, wanda ya san aiki yana iya karanta haƙoransa daga hoto mai kyau ya yanka irinsa. Takardar mota kuma ta ba shi sunanka, lambar motarka da adireshinka. Wato ka biya mutum kuɗi, ka kuma ba shi abin da zai buɗe motarka da inda zai same ta. Motar da makullinta yake da cip a cikin kansa da sauƙi, za a buɗe ƙofa amma inji ba zai tashi ba. A Turai tun 1998 aka wajabta wannan tsaron ga sababbin motoci, amma ƴan Amurka da yawa sun daɗe bayan nan suna fitowa babu shi. Irin waɗannan, makullin da aka yanka ya isa a tuƙa su, kuma kowa ya san daga nan zuwa Ɗan Isa, bakin iyakar Najeriya, ba nisa.

Akwai kuma masu zuwa har gida su ce za su haɗa maka. Waɗannan nasu rimot ɗin na gaske ne, yana aiki. Sai dai yayin da ka shiga ciki ɗauko musu ruwa, biyu suke yi wa rajista, su ba ka ɗaya, ɗaya ya tafi a aljihu. Kada ka matsa daga wurin, kada kuma makullinka na asali ya bar idonka, don cip ɗin ƙanƙane ne, ana zare shi a mayar da murfi kamar ba a taɓa ba.

Wanda wani baƙo ya riga ya taɓa masa mota, Toyota ɗin nan suna da hanyar bincike. A matakin ƙarshe, idan ka murɗa kontak sau uku maimakon ɗaya, makullan ƙofa za su motsa daidai adadin rimot ɗin da motar ta sani, iyakarsu huɗu. Kana da ɗaya, ta motsa sau biyu, to akwai wani a waje. Murɗawa sau biyu kuma tana goge duk na da, ta bar waɗanda ka yi wa rajista a wannan zaman kaɗai, don haka ka tara duk naka a hannu kafin ka fara.

Af, kafin ma a kai ga sayen sabo: da yawan rimot ɗin da ake kawo mini a matsayin matattu, batir ne kawai ya ƙare, ko ƙurar hunturu ta toshe ƙarƙashin maɓalli. Ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032 ko CR2016, lambarsa tana jikinsa, masu gyaran agogo a babbar kasuwa suna da shi.

Idan sabon ya zama dole, ka tafi da mota da tsohon rimot wurin mai shago da aka san mazauninsa, a gwama lambobin baya a gabanka, a haɗa, ƙofa ta amsa, sannan kuɗi ya fita daga aljihu. Wanda kuma ya riga ya tura hoton makulli da takarda, ya sa a sauya masa makullan ƙofa da na kontak, ya kai rasit ɗin tura kuɗi da hotunan hirarsu komisariya tun lambar wayar ba ta sauya ba. A tura wa ƴan'uwa direbobi, musamman masu taksi.