Miriya ko Damagaram: ina Mushe zai ajiye iyali?

Mushe, barka da samun canji, Allah ya sa alheri ne ya kawo ka. Ka ce an turo ka koyarwa Miriya daga Tawa, kana da mata da yara 3, kana tambaya ko ka kama haya cikin Damagaram ka riƙa zuwa kana dawowa, ko ka tare Miriya gaba ɗaya. Na ɗanɗana duka biyun. Shekara biyu na yi ina bin hanyar nan bisa babur kafin na kwashe kayana na koma Miriya, don haka abin da zan faɗa maka a jikina na ji shi.

Duk wanda ka tambaya zai ce maka Miriya ai nan ce bayan gari, kilomita 18 kawai, kuma kwalta ce. Gaskiya ne. Sai dai 18 ɗin nan zuwa ne kaɗai. Zuwa da dawowa 36, a wata ka doshi kilomita 800. A Yulin 2024 da aka sauke farashin mai, lita ta koma sefa 499, idan baburinka lafiyayye ne wajen lita 20 za ka sha, jika 10 kenan, ban da baƙin mai da faci da sarƙa. Kuɗin ma ba su ne suka gajiyar da ni ba. Hanyar ita ce babbar hanyar ƙasa mai zuwa Gure da Difa, kai da manyan motoci kuke rabonta, ga amalanken shanu da ba su da fitila ko ɗaya. A watan Disamba ka fito da bakwai na safe, hazo ya rufe gabanka, ka naɗe fuska da rawani, yatsunka sun ƙage har ka isa aji alli yana faɗo maka daga hannu. A Afrilu kuwa iskar da ke bugun fuskarka wajen dawowa kamar daga bakin murhu take fitowa. Ran da tayata ta fashe a tsakiyar hanya, sai da na tura babur kusan awa guda, na tarar an ci rabin darasin farko, yara sun cika tagogi suna kallona. Wanda ke kwana Miriya da ƙafa yake zuwa aiki, ya dawo gida ya ci abincin rana da zafinsa.

Amma abin da ya kamata ka fara tambaya kafin kuɗin haya shi ne ruwa. Damagaram bisa dutse take zaune, ka ga manyan duwatsun da ke cikin unguwar Birni ai, haka ƙasan ma take. Ƙishin garin tsoho ne, yana cikin dalilan da suka sa Nasara ya ɗauke babban birni ya maida Yamai a 1926. Ruwan da ake sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya ta kudu, daga Arunguza da Ganaram ta arewa. An samu sauƙi bisa da, amma da bazara ta kama, unguwannin tudu da na bakin gari sai su koma ga tsohon hali. Gidan da na zauna, uwargidana ba ta barci mai nauyi daga Maris zuwa saukar damina. Tana barin pampo a buɗe da bokiti a ƙasa. Wajen biyu na dare sai ka ji ya fara tari, iska ce tukuna, can sai ɗigo, sai ta tashe ni mu jera bido-bido a tsakar gida, ni da tocila ita da mazurari. Wani daren a cika 6, wani daren tarin kawai za a ji har asuba, da safe a tsaya ƙofa ana jiran mai garuwa, shi kuma ya san ranarsa ce. Kuɗin ruwan da na kashe a wata uku ɗin nan, da na haɗa lissafi, sai da ya kusa kamo na mai.

Miriya gari ne na kwari da lambuna, ruwa bai yi nisa da ƙasa ba, shi ya sa kake ganin kukoki da korayen garake tun kafin ka shiga. Can ma pampo yakan ɗauke, amma akwai rijiyar da za a juya gare ta, ba a kwana da tunanin abin da za a yi alwala da shi. Wannan kaɗai ya sa uwargidana ta daina maganar komawa birni bayan wata biyu.

Haya ta fi sauƙi a Miriya, babu gardama. Abin da za ka biya ciki da falo a unguwa mai kyau a Damagaram zai kama maka gida mai tsakar gida da wurin ɗaure akuya. Matsalar, gidajen hayar ba su da yawa, masu siminti sun fi ƙaranci, kuma ba a hannun dillali suke ba, a bakin mutane suke. Ka fara da darektan lakwal ɗinku da mai gadi, su suka san wanda aka yi wa canji zai tashi. Kuran kuwa, wato wutar lantarki, kada ka sa shi cikin lissafi, in zafi ya yi kowa yana kwana waje.

Inda Damagaram ta yi wa Miriya nisa shi ne likita da karatun gaba. Miriya tana da asibitin gunduma, zazzaɓi da haihuwa da ƙananan abubuwa duk ana yi, amma abin da ya fi ƙarfinsu babban asibitin Damagaram ake turawa, ko cibiyar uwa da yaro. Idan akwai mai ciwon da ake bi kullum a gidanka, sikila ko hawan jini mai tsanani, ko madam tana da ciki mai wahala, to 18 ɗin nan da dare wata aba ce daban. Haka in tana son ci gaba da karatu a Jami'ar André Salifou, ko kai kana neman lakwal mai zaman kanta da za ka koyar da yamma ka ƙara a kan albashi. Irin wannan ƙarin a birni yake. Yaranka dai ƙanana ne, firamare tana ko'ina.

Cefane ba ya raba gardama. Kasuwar Dole tana ci kullum, Alhamis gari ya cika. Miriya sai Lahadi take tashi tsaye, amma ran nan mutanen Damagaram da kansu suke zuwa sayen tukwane da randuna da kayan miya. Randar Miriya guda a inuwa ta fi maka firiji amfani ran da babu kuran.

Akwai kuma abin da ba a gaya wa baƙo. A Miriya kai Mushe ne dare da rana. Mai shago ya san ranar albashi, uban ɗalibi zai tare ka bayan Magariba a kan maki, suna da biki da jana'iza duk ana duba ko ka zo. Ni na ji daɗin haka, don ran da mahaifiyata ta rasu tsakar gidana bai ɗauki mutane ba. Wani abokin aikinmu kuwa wata 4 ya yi ya gudu birni, ya ce yana son ya sha shayinsa babu wanda ke ƙidaya masa kofi. Ka san halinka.

A ganina, tunda aikin Miriya yake, kuma ba ka ce akwai mara lafiya ko madam tana aiki a birni ba, ka tare Miriya. Damagaram ba za ta gudu ba, ran Asabar ka hau mota ka je banki ka gaida ƴan'uwa ka dawo. In kuma dole sai birnin, to kada sunan unguwa ya ruɗe ka. Ka nemi gefen da ke fita hanyar Miriya don kada ka ƙara ratsa gari a kan 18 ɗin, kuma kada ka tambayi mai gida batun ruwa, zai ce maka akwai. Ka leƙa gidan maƙwabta ka ƙirga bido nawa ke jere a zaure, ka tambayi matan yaushe rabonsu da ganin pampo ya kawo da rana. Kada ka ba da kuɗin wata uku sai ka yi wannan.

Ka fara zuwa kai kaɗai, ka bar iyali Tawa na sati biyu. Ka iso ran Asabar ka kwana Miriya, ka ga kasuwar Lahadi, Litinin kuma ka kwana Damagaram ka bi hanyar da safe da kanka. In ka shigo ka neme ni, akwai gidan wani malamin asibiti da aka ce zai tashi ƙarshen wata, sai mu je mu duba rufin kafin damina.