SD2IEC a kan Commodore 64: abin da na gani bayan na yi aiki da ita

Duk mai ajiye da tsohuwar Commodore 64 a Kano ya san cewa ba ita kanta kwamfutar ce ke fara gajiya ba, faifan ajiyarta ne. Kwamfutar da ta fito tun 1982 tana iya tashi lafiya lau, amma faifan nan mai laushi ba ya jure zafin bazara da ƙurar hunturu. Na'urar karanta shi kuma, wato 1541, nauyi gare ta, ga ɗaukar zafi. Wannan ne ya sa na yi odar SD2IEC daga Ingila, 'yar ƙaramar na'ura da ke ba kwamfutar damar karanta katin SD irin na kyamara.

Haɗa ta ba wuya. Waya ɗaya tana shiga ramin da 1541 ke shiga, ɗayar kuma tana jan wuta daga ramin kaset. Katin na saya a Beirut Road, na gyara shi da tsarin FAT32, na zuba fayiloli. Da na buga umarnin LOAD"$",8, sannan LIST, sai ga sunayensu sun jeru a allon talabijin. Faifan 1541 guda ba ya ɗaukar abin da ya wuce kilobait 170, don haka kati ɗaya ya hadiye duk abin da nake da shi, kuma ko kusa da cika bai yi ba.

Kafin in jona ta sai da na kai tsohon akwatin wutar kwamfutar wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Akwatin nan yana fitar da wuta iri biyu, bolt 5 da bolt 9, kuma idan ya tsufa, ta bolt 5 ɗin tana haurawa ta ƙone ƙwaƙwalwar kwamfutar. Da ya auna da mita sai ya ce, "Yaro, kada ka ƙara jona wannan." Na ce, "Baba, ba ya gyaruwa?" Ya nuna mini yadda aka cika cikinsa da danƙo mai tauri tun daga kamfani, babu ta inda za a shiga. Shi ya haɗa mini sabo. Wanda zai sayi SD2IEC ya fara da wannan, domin daga wutar kwamfutar ita ma take ci.

Inda na fi jin daɗinta shi ne wajen rubuta shiri. Ni ba wasanni suka fi ja na ba, BASIC ne, wato harshen rubuta shiri da ke cikin kwamfutar. Kana kunna kwamfutar za ta gaya maka tana da bait 38911 da za ka yi aiki da su, shi ke nan, sauran ya rage naka. Na daɗe ina son ganin haruffanmu masu ƙugiya a allonta, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda masu ƙera ta ba su san da su ba. Kowane harafi a Commodore 64 ɗigo takwas ne a tsaye, takwas a kwance, wato bait takwas kacal. Sai ka kwafo haruffan asali zuwa ƙwaƙwalwar da ake iya rubutu a kai, ka zana ƙugiyar a takarda mai gida-gida, ka mayar da kowane layi lamba, sannan ka yi POKE, wato umarnin sa lamba a ƙwaƙwalwa, a adireshin 53272 don ta riƙa ɗauko haruffan daga sabon wurin. Aiki ne na gwaji da sake gwaji, ƙugiyar ɗ musamman tana da wuyar zama a wuri ƙanƙane haka. A nan ake buƙatar yawan ajiya, domin idan aka ɗauke wuta duk abin da ke ƙwaƙwalwa ya tafi. Da SD2IEC ina yin SAVE a kai a kai hankalina kwance. Daga baya in zare katin, in sa a laftof, in ajiye kwafi. Ranar da 'yata ta ga sunan unguwarmu, Ƙofar Mata, da ƙugiyarsa a shuɗin allon nan, ta ce sai na koya mata yadda ake yi.

Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata mai saye ya sani. Ba ta da saurin da mutum zai zata. Jinkirin Commodore 64 daga hanyar da bayanai ke bi tsakaninta da na'urar ajiya yake, don haka katin zamani bai rage shi sosai ba. Sai da na ƙara da katirij ɗin Epyx Fast Load na 1984, wanda ake cusawa a bayan kwamfutar don hanzarta ɗauko fayil, sannan na ga bambanci.

Na biyun ya fi muhimmanci. Ita 1541 kwamfuta ce mai zaman kanta, da injin sarrafa bayanai mai suna 6502 a cikinta, kuma masu wasanni da yawa suna tura mata nasu shirin don ta yi sauri ko don hana kwafi. SD2IEC ba ta da wannan, amsa umarni kawai take yi, sai wasu sanannun hanyoyin sauri da aka koya mata. Saboda haka wasanni masu fayil ɗaya suna tashi ba matsala, amma wasu manya masu faifai da yawa suna tsayawa a hanya. Wanda wasannin ne burinsa gara ya nemi Pi1541, wadda ke amfani da 'yar ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi tana kwaikwayon 1541 ɗungurungum.

Ni dai don aikin da na saye ta, ta biya ni, kuma tun zuwanta na lulluɓe 1541 ɗina na ajiye. Wanda zai yi oda ya duba ya zaɓi mai gida na roba, ba allon da ke tsirara ba, saboda ƙurar Kano tana shiga ramin katin.